Ranar da na je Durɓi Takusheyi

Yau Asabar na bar Katsina da hantsi tare da ɗalibaina shida, muka nufi Durɓi Takusheyi da ke ƙasar Mani, inda tuddan kaburburan sarakunan dā suke. Tun a mota suke tambayar zinariya, domin sun ji cewa a tonon 1992 an samu 'yan kunne na zinariya da awarwaron hauren giwa da kuɗin wuri, an kuma kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su. Wani Baturen mulkin mallaka mai suna Palmer ya riga ya haƙa wurin tun 1907, amma wannan bai dame su ba.

Ba mu taɓa tuddan ba, domin doka ta hana tono ba da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ba. Sai na kai su bakin wani kwazazzabo da ruwa ya zaizaye, inda ƙasa ta fito hawa-hawa, na nuna musu cewa muddin ba a dagula wuri ba, abin da ke ƙasa ya girmi wanda ke samansa. Shi ya sa masana ke kafa turaku su ja igiya, su kankare ƙasa kaɗan-kaɗan da cokalin magina da buroshi, su tankaɗe ta a rariya, kuma ba sa ɗaga ko tsingaro sai sun auna zurfinsa sun rubuta. Na daɗe a kan gawayi, wanda a ganina ya fi zinariyar amfani, tunda itace na daina shan wani sinadari mai suna kabon-14 da zarar an sare shi, rabin sinadarin da ke jikinsa kuma yana ƙarewa duk shekara 5,730, don haka auna wanda ya rage a gawayi na nuna shekarunsa. Da irin wannan awo aka gane cewa kwalekwalen Dufuna na Yobe, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, ya kai shekara 8,000.

Muna shirin tafiya sai wani dattijo ya miƙo mini tsingaro mai zane.

"Baba, a ina aka tsince shi?"

"Malam, jikokina ne suka kawo shi daga gona, ban san ta wane gefe ba."

Na yi godiya, na mayar masa. Zanen ya ƙayatar, amma tunda an raba shi da mazauninsa, babu gawayin da za a auna a ce tsaransa ne. Mun iso gida bayan la'asar, ƙurar hunturu ta rufe mu har gira.