Hoton taswira da ya manta inda ya fito

A 'yan watannin nan aikina shi ne shata iyakokin tsofaffin kududdufan haƙar kuza da ke tsakanin Bukuru da Rayfield, kuma da yake intanet ba ta da tabbas a bakin waɗannan ramuka, dole in sauke hotunan taswira tun a ofis in tafi da su cikin kwamfuta. Ina samo su ne daga rumbunan intanet da ke bin WMS, wato tsarin aika hotunan taswira ta intanet, wanda OGC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin bayanan taswira, ta fitar a shekarar 2000. Mutum zai aika buƙatar da ake kira GetMap, ya faɗi iyakar filin da yake so, da faɗin hoton da tsayinsa, da nau'in fayil, sai rumbun ya haɗa hoton ya turo masa.

Adana hoton ba shi da wuya. Matsalar ita ce fayil ɗin PNG ko JPEG ba ya riƙe bayanin inda yake a doron ƙasa, don haka idan aka buɗe shi a manhajar taswira ta QGIS ba zai zauna a mazauninsa ba. Maganin da na saba shi ne in rubuta ƙaramin fayil mai layi shida, mai ƙarewa da .pgw idan hoton PNG ne, ko .jgw idan JPEG ne, in ajiye shi kusa da hoton da suna iri ɗaya. A ciki ake sa girman kowane ɗigon hoto a ƙasa, wanda ake samu ta hanyar raba faɗin filin da adadin ɗigogin, sannan a sa lambobin tsakiyar ɗigon farko na sama ta hagu. Ni dai na fi son in mayar da komai nau'in fayil na GeoTIFF da manhajar GDAL, domin GeoTIFF yana ɗauke da adireshinsa a cikinsa, ba a mantawa da rabi a filashi.

Akwai kuskuren da ya ci mini yini guda, kuma inda Jos take a taswira ne ya sa ban gane da wuri ba. A sigar WMS ta 1.1.1, wajen faɗin iyakar fili, ana fara rubuta lambar gabas kafin ta arewa, amma a sigar 1.3.0, idan ana amfani da EPSG:4326, wato tsarin da ke nuna wuri da digirin arewa da na gabas, ta arewa ce ke zuwa farko. Jos tana kusan digiri 9.9 arewa da 8.9 gabas, saboda haka da na juya lambobin, rumbun bai yi ƙorafi ba, ya turo mini hoto mai kyau na gonaki da rafuka. Sai da na tsaya a gefen wani kududdufi ina neman sa a allo ban gan shi ba, na fahimci cewa hoton na can kudu maso gabashin Filato ne, wajen Wase.

Tun daga ranar nake kwafe cikakkiyar buƙatar da na aika in ajiye ta tare da kowane hoto. Kuma kafin in bar ofis nakan buɗe kowane fayil in duba, domin idan rumbun ya ƙi buƙata saƙon kuskure yake turowa a rubuce, kuma kwamfuta za ta adana shi da sunan hoto ba tare da ta sanar da kowa ba.