Kalmar da ta taso daga yatsa ta koma harshe

Duk wanda ya taɓa karatun boko ya san "taste" a Turanci ɗanɗano ne. Ni abin da ke ba ni sha'awa shi ne, farkon zuwanta Ingila kalmar aikin hannu ce, ba ta baki kaɗai ba.

Daga tsohon Faransanci aka aro ta, inda "taster" ke nufin taɓawa, lalubawa, gwada abu a ji yadda yake. Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, kalmomi suka yi ta kwarara, wajen 1300 wannan ta fara bayyana a rubuce. A wancan zamanin likita na iya "taste" rauni, wato ya sa yatsa ya duba zurfinsa. Har yau Bafaranshe idan ya ce "tâter" lalube yake nufi, Bajamushe kuwa "Taste" yake kiran maɓallin kwamfuta ko na piyano. Ingilishi kuma suna da tasu ta gado, "smæc", amma baƙuwa ta zo ta ture 'yar gida. Jamusawa ne suka riƙe 'yar uwar "smæc" ɗin, "Geschmack".

Masana da yawa suna kai tushen ga "taxare" ta Latin, taɓa kaya don a yi masa kima. Daga nan "tax" ta fito, haraji. Ashe mai girki da mai karɓar haraji dangi ne!

A ƙarni na 17 ma'anar ta faɗaɗa, aka fara cewa wane yana da "taste", wato ya iya zaɓe, ya san mai kyau a zane, waƙa ko sutura. Nan ne, a ganina, girman kai ya shige ta, don wa zai yanke hukunci? David Hume, masanin falsafa ɗan Sikotlan, ya yi wannan gardamar a 1757. Ya aro labari daga Don Quixote, shahararren littafin ƙagaggen labari na ƙasar Sifen: mutum biyu aka ba giya su ɗanɗana, ɗaya ya ce yana jin ƙarfe, ɗaya ya ce fata. Aka yi musu dariya. Da aka juye gangar, sai ga tsohon makulli ɗaure da tsirkiyar fata a ƙasa. Da wannan Hume ya kafa hujjarsa cewa harshen wani ya fi na wani horo.