Kwana goma sha biyu a Sabiya da ɗan guzuri

A watan Mayun 2023 na sauka a filin jirgin Nikola Tesla da ke wajen Belgrade, babban birnin Sabiya. Taron kwana uku ne ya kai ni, na ƙara tara don in ga ƙasar, da guzurin da bai taka kara ya karya ba. Na wuce masu tasi na hau bas mai lamba 72, ta sauke ni a Zeleni Venac, gefen kasuwa a tsakiyar birni. Canji ma sai da na shigo gari na yi, domin ko'ina akwai 'yan shagunan da aka rubuta wa menjačnica, kuma yuro ɗaya wajen dinari 117 yake.

A kan masauki na fara shan wuya. Na kama ɗaki ta intanet a gidan wani mutum, kuɗinsa kusan rabin na otal. Dokar ƙasar ta ce a yi wa baƙo rajista wajen 'yan sanda cikin awa 24 da isowarsa, abin da suke kira beli karton, wato farin kati. Otal na yi maka wannan ba tare da ka tambaya ba. Mai gidan nan kuwa ya bar mini mabuɗi a wani akwati ya yi tafiyarsa, na yi ta kira ba ya ɗauka. Na wuni da fargaba, sai wajen magariba ya zo aka yi rajistar. Arahar da na bi ta ci mini yini guda. Daga ranar ban sake biyan kuɗin ɗaki ba sai na ji amsar tambaya biyu: za ku yi mini rajista? Harajin baƙi na kowane dare yana cikin farashin ko daban ne?

Na kuma lura cewa kusa da Knez Mihailova, shahararren titin tsakiyar birni, sunan wurin kake biya. Ka ɗan matsa unguwar Vračar, ko ka haye kogin Sava zuwa Zemun, ɗaki mai tsabta ya sauko sosai. Tun farkon 2025 ma an mayar da bas da taragon cikin birnin kyauta, don haka nisa ya rage zama abin damuwa.

Abinci shi ne ya fi tsaya mini a rai, ba don tsada kaɗai ba. Naman alade ya cika girkin ƙasar. Ćevapi da pljeskavica, gasasshen niƙaƙƙen naman da kowa ke ci, sau da yawa haɗi ne na shanu da alade. Na haddace kalmomi uku: svinjetina alade, junetina shanu, piletina kaza. Ko burek, gasasshiyar fulawa mai nama ko cuku a ciki da ake sayarwa a pekara, gidan burodi, wasu da kitsen alade suke yin sa, ko da cuku ne a ciki.

A wata pekara a Vračar na tsaya ina ta nuni da yatsa ina tambaya, sai dattijuwar da ke sayarwa ta kama hannun rigata ta ja ni gefen kanta inda aka liƙa 'yar takarda: posno. Kiristocin Otodoks na can suna azumi ranar Laraba da Juma'a, da kuma makonni kafin Ista da Kirsimeti, kuma abincin azuminsu ba nama, ba madara, ba ƙwai, ba kitsen dabba. Wannan kalma ɗaya ta raba ni da zullumi, ta kuma sauƙaƙa wa aljihuna. Abin da ya rage in tambaya shi ne ko an zuba giya a girkin.

Ta hanyar posno na san prebranac. Farin wake ne manya, an dafa sun yi laushi, an jera su da albasa mai yawa da ta narke a mai, da jan barkono marar yaji, aka gasa a kaskon ƙasa har samansa ya ɗan ƙone. Ana kawo shi yana tururi, ka gutsuro burodi ka dangwala. Na fi samun sa a shagunan da aka rubuta wa kuvana jela, inda ma'aikata ke cin abincin rana, a auna maka a sikeli ka biya daidai cikinka. Skadarlija, titin makaɗa da 'yan yawon buɗe ido, sau ɗaya na zauna a can, kuɗin da na biya zai ciyar da ni kwana biyu.

Ranar Juma'a na je Bajrakli a unguwar Dorćol, masallacin da ya rage a Belgrade daga zamanin Daular Usmaniyya. Bayan sallama na tambayi mutane, suka kwatanta mini inda ake samun naman halal.

Birnin Novi Sad da ke arewa ban kwana ba. Jirgin ƙasa mai gudu da ake kira Soko ya kai ni cikin ƙasa da minti 40, na zaga ganuwar Petrovaradin a bakin kogin Danube na dawo da yamma. Birnin Nish da ke kudu kuwa tafiyar awa uku ce a bas, kuma komai ya fi araha. A tashar mota ka riƙe 'yan canji, domin jakar da za a sa a but ana biya mata kuɗi daban.

A Novi Pazar, can kudu maso yamma, na ƙare tafiyar. Garin Musulmi ne mafi yawa, kuma ina sauka na ji kiran sallar la'asar daga ɓangarori da dama. Na yi salla a tsohon masallacin Altun-alem, na fito na bi ƙanshin gawayi zuwa wani ɗan shago. Aka kawo mini ćevapi goma na naman shanu cikin burodi mai zafi, da yankakkiyar albasa da kofin kindirmo. Da safe kuma mantije, 'yan ƙananan dunƙulen fulawa da nama a ciki, daga tanda kai tsaye. Kwana ɗaya na yi niyya a garin, na koma wajen mai masaukin na ce ya ƙara mini biyu.