Ranar da na taɓa jerin kilas, linki suka mutu a WhatsApp

Wata ƙungiyar manoman shinkafa nan Birnin Kebbi ta ba ni aikin yi mata shafin intanet, inda kowane manomi zai duba sunansa da gonarsa da buhun takin da aka rubuta mashi. Da Python nake aiki, yaren rubuta manhaja, kuma na ɗauki CherryPy, wani kayan gina shafin intanet da Python, don abu ɗaya da ke burge ni game da shi tun farko, wato yadda adireshin shafi ke bin jerin kilas ɗinka kamar yadda zuri'a ke bin kaka.

Ga yadda abin yake, kilas a nan wani ɓangaren kod ne da ake ƙirƙirar abubuwa daga gare shi. Akwai uwar kilas a sama, ita ce ƙofar gida. In ka rataya mata wani abu da suna argungu, to /argungu ya samu ke nan, in shi ma ka rataya mashi augie sai ka samu /argungu/augie, haka har ƙasa. Buƙata na shigowa sai CherryPy ya yanka adireshin gaɓa-gaɓa a kan kowace sanda, wato alamar /, yana tambayar kowane abu ko yana da ɗa mai wanga suna, in ya kai ƙarshe ya kira index, wato kod ɗin da ke fitar da shafin, amma fa sai wanda ka liƙa ma alamar expose mai ba shi izinin fita, wanda babu ita ba ya fita waje ko da an san sunansa. Abin da ya ci mani yini guda kuwa, rubuta kilas cikin wani kilas kawai bai isa ba, dole ka ƙirƙiri abu daga gare shi ka rataya, shi ne zai amsa. Kuma sunan da ka rataya da shi ne ke fita a adireshi, ba sunan kilas ɗin ba.

To ni sai na bi tsarin da kowa ya sani a jihar nan, masarautu 4, Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru, ƙananan hukumomi 21 a ƙarƙashinsu. Wallahi ya yi kyau, kana karanta kod ɗin kamar kana kallon taswira.

Matsala ta fara daga Koko/Besse da Danko/Wasagu. Sandar nan da ke tsakiyar sunan ita ce dai sandar da ake yanka adireshi da ita, sai injin ya ɗauka Besse ɗan Koko ne, ya je nema bai samu ba, sai 404, wato saƙon babu wannan shafi. Na mayar da su koko-besse da danko-wasagu, kuma nan CherryPy ya kyauta don yana juya alamomi irin wannan zuwa layin ƙasa kafin ya nema, sai koko_besse na cikin kod ya amsa. Haruffanmu masu lanƙwasa ma haka, ƙ ɗaya tak in ka kwafo adireshin sai ta koma %C6%99, manomi ya ga wannan a wayarsa ai cewa zai yi linkin 'yan damfara ne. Na bar su a rubutun shafi, na cire su daga adireshi.

Babbar ta zo bayan an raba linki. Sakatare ya tura ma kowane shugaban yanki nasa a WhatsApp, su ma suka tura gaba, wasu har sun buga a takarda sun manna. Sai shugaban ƙungiya ya kira ni ya ce, injiniya, mu ba da masarauta muke rabon taki ba, da shiyya muke yi, a gyara. Na ce to ranka shi daɗe, ƙaramin aiki ne. Kuma a kod ƙarami ne, na kwance Augie daga nan na ɗaura can, minti kaɗan na gama. Washegari tun da safe waya ke ƙara, duk wanda ya danna tsohon linki ba ya ganin komi sai 404, akwai dattijon da ya hau mota tun daga Kamba ta ƙaramar hukumar Dandi don ya ɗauka an share sunansa daga masu samun taki. Wannan ya tsaya mani a rai sosai, kuɗin mota ya kashe a kan abin da ni na canza.

Daga nan na daina ganin jerin kilas da adireshi a matsayin abu ɗaya. Jerin kilas nawa ne, zan iya juya shi kullum, adireshi kuwa da ya fita ya zama na mutane. Masu Wicket, kayan gina shafi na yaren Java, sun san wannan, in ba ka ce komi ba cikakken sunan kilas ne ke fitowa a adireshi, in kilas ne na cikin wani har da alamar dala a tsakani, shi ya sa suke amfani da mountPage su ba shafi adireshin da suka zaɓa. Django kuma, wani kayan gina shafi na Python, tun asali a fayil ɗin urls.py kake rubuta kowane adireshi da hannunka, da ina ganin wahala ce, yanzu na gane amfaninta.

Ban bar CherryPy ba. Na dai rage zurfin, yanzu /hukuma/augie ne kawai, babu masarauta babu shiyya a ciki, don su ne ke iya canzawa, sunan ƙaramar hukuma kuwa yana nan. Kilas ɗaya ke amsa duka 21 ta hanyar _cp_dispatch, inda CherryPy ke barinka ka fassara adireshi da kanka, yana ɗaukar sunan ya dubo a rumbun bayanai. Tsofaffin adireshi kuma na yi masu jeri, duk wanda ya shigo ta nan a tura shi sabon wuri da 301, wato saƙon shafi ya koma wani wuri dindindin. Na sa sakatare ya nemo linkin farko da ya tura, ya danna a gabana, shafin Dandi ya buɗe, sannan muka kira dattijon nan na Kamba.