Wasiƙa zuwa ga masu sha'awar binciken kasuwancin ƙasa da ƙasa

Assalamu alaikum, 'yan'uwana ɗalibai da malamai.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku ne daga birnin Janiba na ƙasar Suwizalan, inda nake ƙoƙarin kammala digiri na uku a fannin tattalin arziki. A nan ne hedikwatar Hukumar Kasuwanci ta Duniya, wato WTO, wadda Dakta Ngozi Okonjo-Iweala take jagoranta tun watan Maris na 2021, kuma nan ne mazaunin UNCTAD, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ciniki da ci gaba, wadda aka kafa a 1964. Da wuya mako ya wuce ba a yi taron ƙara wa juna sani a kan ƙasashe masu tasowa ba, sai dai idan ka dubi masu gabatar da maƙalu, 'yan asalin waɗannan ƙasashen ba su taka kara sun karya ba. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin na tabbata ba basira muka rasa ba. Yawancinmu ba mu san inda ƙofofin suke ba, ba mu kuma san guzurin da ake riƙewa kafin a ƙwanƙwasa su ba.

Bari in fara da nuna muku irin binciken da ake yi a yau, domin da yawa daga cikinmu an tsaya mana a kan ra'ayin da masanin tattalin arziki David Ricardo ya kawo a 1817, cewa kowace ƙasa ta mayar da hankali ga abin da ta fi samarwa da sauƙi, ta sayo sauran. Ra'ayin yana nan da ƙarfinsa, amma tambayoyin sun sauko daga matakin ƙasa zuwa matakin masana'anta guda, har ma da masaƙi guda. A wani bincike da aka wallafa a 2017, David Atkin da Amit Khandelwal da Adam Osman sun yi aiki da ƙananan masaƙan darduma a garin Fowa na ƙasar Masar. An daɗe da lura cewa kamfanonin da ke fitar da kaya waje sun fi sauran ƙwarewa, amma abin da ake muhawara a kai shi ne ko fitarwar ce ta koya musu, ko kuwa dama ƙwararru ne ke iya fitarwa. Sai masu binciken suka yi amfani da ƙuri'a wajen raba odar masu saye na ƙetare, wasu masaƙan suka samu, wasu ba su samu ba, sannan aka bi sawun ɓangarorin biyu. Ribar waɗanda suka samu ta ƙaru da kashi 16 zuwa 26 cikin 100, ingancin saƙarsu kuma ya ƙaru, har lokacin da aka ba kowa zare da kayan aiki iri ɗaya aka ce ya saƙa darduma iri ɗaya, tasu ta fi kyau. Na daɗe ina jinjina wa wannan aiki, domin ya ɗauki tsohuwar muhawara ta cikin littattafai ya kai ta zauren saƙa, ya dawo da amsar da minista zai iya aiki da ita. Irin wannan hanya ta gwaji da ƙuri'a ce ta sa aka ba Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer lambar yabo ta Nobel a 2019.

Tambayoyin da ke jiran masu amsawa suna da yawa. Yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta nahiyar Afirka, wadda aka sa wa hannu a Kigali a watan Maris na 2018, aka kuma buɗe ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairun 2021, ta taso da batutuwan da za su ci shekaru ana nazarinsu: asarar kuɗin fito da gwamnatoci za su yi, dokokin tantance asalin kaya, da kuma wanda zai ci riba da wanda zai sha kashi a cikin ƙasa ɗaya. Ana yawan cewa cinikin da ƙasashen nahiyar ke yi a tsakaninsu bai wuce kimanin kashi 15 cikin 100 na cinikinsu ba, alhali wannan adadi ya dogara ne ga abin da jami'an kwastam suka rubuta, kuma kaya masu ɗimbin yawa suna ƙetare iyakoki ba tare da sun shiga littafin kowa ba. Wanda ya iya auna wannan ɓoyayyen ciniki da tsari mai gamsarwa, ya yi wa fannin babbar hidima, kuma mai jin harshen fatake ya fi baƙo damar yin hakan.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne da yawa daga cikin alƙaluman da manyan masana ke aiki da su kyauta ne ga duk mai intanet. Rumbun Comtrade na Majalisar Ɗinkin Duniya yana ɗauke da bayanan shigo da kaya da fitar da su na kusan kowace ƙasa, Bankin Duniya kuma yana sakin sakamakon bincikensa na kamfanoni da na magidanta. Manhajojin R da Python ma, waɗanda ake nazarin alƙaluma da su, ba a biyan ko sisi a kansu. Shawarata ga mai farawa ita ce ya ɗauko tsarin da Jan Tinbergen ya gabatar a 1962, wanda ke cewa ciniki tsakanin ƙasashe biyu yana ƙaruwa da girman arzikinsu, yana raguwa da nisan da ke tsakaninsu, ya gwada shi da hannunsa. Zai yi kuskure sau da yawa, amma zai koyi abin da karatun shekara guda ba zai ba shi ba.

Game da guraben karatu da tallafi, na fi son ku fara duba Cibiyar Binciken Tattalin Arziki ta Afirka, AERC, da ke Nairobi tun 1988. Tana gudanar da shirye-shiryen digiri na biyu da na uku tare da jami'o'in nahiyar, tana ba da tallafin bincike, kuma a tarukanta manyan masana ke zama su yi wa aikin matashi gyara layi bayan layi, wanda a ganina ya fi kuɗin daraja. Cibiyar UNU-WIDER da ke Helsinki, wato cibiyar binciken tattalin arziki ta Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya, tana karɓar ɗaliban digiri na uku su yi watanni uku suna aiki da masananta. Jami'ar Oxford tana shirya taron shekara-shekara kan tattalin arzikin Afirka a watan Maris, WTO kuma tana da shirin tallafa wa jami'o'in ƙasashe masu tasowa wajen koyarwa da bincike tun 2010. Mai son digiri na uku a Amurka ya sani cewa karatun yakan ɗauki shekaru 5 zuwa 6, manyan jami'o'i sukan ɗauke kuɗin makaranta su ƙara da alawus, kuma galibi ana rufe karɓar takardu a watan Disamba. Abin da suke dubawa da farko shi ne lissafi, wato kalkulas da aljabara da ƙididdiga, sai wasiƙun shaida guda 3 daga malaman da suka ga aikinka da idonsu. A nan ne nagartattun ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, domin wasiƙar da ta yabi ladabinka kawai ba ta da nauyi a wurinsu. Shi ya sa aikin mataimakin bincike na shekara ɗaya ko biyu, irin wanda cibiyoyi kamar J-PAL, mai binciken hanyoyin yaƙi da talauci, ke ɗaukar matasa, ya zama tsani ga mutane da yawa.

Sai dai akwai gargaɗin da ya zama dole in yi muku, kuma daga abin da ya same ni na koye shi. Kafin in zo nan na yi watanni ina tattara bayanai ga wani aikin bincike, na gyara tambayoyin da aka tsara ba daidai ba, na kuma gano dalilin da ya sa wasu alƙaluma suka ƙi daidaita. Da maƙalar ta fito, sunana yana cikin jerin waɗanda aka yi wa godiya a ƙasan shafi. Ban zargi kowa da mugunta ba, domin ban taɓa tayar da maganar ba, kunya ta hana ni. A wannan fanni kuwa, sunan da ke saman maƙala shi ne ke kawo aiki da tallafi da gayyata zuwa taro. Don haka duk wanda aka nema ya shiga wani aiki, ya tambaya cikin ladabi tun ranar farko: mene ne matsayina, wace gudummawa ce za ta sa a rubuta ni cikin marubuta, kuma shin zan iya amfani da bayanan wajen rubuta tawa maƙalar? Masu bincike na ƙwarai ba sa jin haushin wannan tambaya, yawancinsu ma sukan ƙara ganin girman mai yin ta.

Ga malamanmu kuma ina da roƙo. Ku riƙa sa ɗalibai su sake lissafin wata maƙala da aka riga aka wallafa, tunda manyan mujallu yanzu suna tilasta wa marubuta su saki alƙalumansu da umarnin kwamfutar da suka yi amfani da shi. Ɗalibin da ya yi haka yana da abin da zai nuna idan ya rubuta wa wani farfesa neman aiki, ku kuma kuna da abin da za ku faɗa a kansa a wasiƙar shaida. Wanda ke nufin neman gurbi a Disamba mai zuwa, ya kamata a ce ya fara wannan aiki tun yanzu.

Wassalam,
Ɗan'uwanku daga Janiba