Karanta rasit kafin ki bar kanti

Uwargida, a Jidda kike ko Makka, kada ki fita daga kanti sai kin duba rasit. Harajin VAT, wato harajin da ake biya kan kayan da aka saya, kashi 15 ne tun Yulin 2020, kuma yana cikin farashin da aka liƙa. In an rubuta riyal 23 a kan shinkafa, 23 za ki biya. Wanda ya sake ɗora haraji ya cuce ki.

Kuɗi sun fi zurarewa wajen mai karɓa: madara ɗaya a buga ta sau biyu, ko rangwame ya ƙare a na'ura amma takardarsa na nan a rataye. Tumatir ma, duba kilo nawa aka liƙa a leda.

In farashi ya saɓa, ɗauki hoton rasit da na farashin da aka liƙa, ki kira 1900, layin Ma'aikatar Kasuwanci.