Jirgin da ba ya harbi, sai gyara

Kamfanina ƙarami ne, yana gefen Kogin Elizabeth a yankin Norfolk na jihar Virginia, a Amurka. Aikinmu ƙarfe ne: walda, sassaƙa da inji, da ɗan zubin tagulla. Manyan kwangiloli ba sa zuwa wurinmu, waɗannan na manyan kamfanoni ne masu dubban ma'aikata. Mu abokan cinikinmu su ne masu jiragen jan kaya da masu jiragen kamun kifi, mutanen da idan famfo ɗaya ya lalace musu sai jirgi ya kwana a ɗaure, kuɗi na zurarewa. Abin da ke kawo su wurinmu kuwa shi ne muna ƙera kayan gyaran da aka daina sayarwa. Wannan fasahar ba ni na zo da ita ba. Tsofaffin sojojin ruwa biyu ne suka shigo da ita kamfanin, dattijo ɗaya da wata baiwar Allah, dukansu sun yi aiki a jirgin gyara mai suna Vulcan.

Mutane da yawa ba su san rundunar sojan ruwa tana da irin wannan jirgi ba. Vulcan ya fara aiki a watan Yunin 1941, tsawonsa kusan ƙafa 530, kuma cikinsa duk rumfunan sana'a ne: wurin narka ƙarfe, wurin injinan sassaƙa, kafintoci, masu naɗa wayar moto, wato injin lantarki, masu gyaran madubin hangen nesa da agogo da tafireta, masu ɗinkin tamfol, har da masu nutso da ke aiki a ƙarƙashin ruwa. Jirgin yaƙi idan ya sami matsala nesa da gida, sai ya zo ya jingina da shi, a ɗaure su gefe da gefe, wani lokaci uku ko huɗu a jere. A watan Oktoban 1941 jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya harbi jirgin yaƙin Amurka mai suna Kearny, mutum 11 suka mutu, gefen jirgin ya huje. A Iceland, cikin wannan sanyi, ma'aikatan Vulcan suka toshe ɓarakar har ya iya komawa gida da kansa. Dattijon nan ba a ma haife shi ba a lokacin, amma idan yana ba da labarin sai ka rantse da shi aka yi.

Cif nake kiransa, don da wannan muƙamin ya yi ritaya. Mai zubi ne. Ranar Asabar tsofaffin abokan aikinsa kan biyo ta wurinmu su sha kofi, kuma na daɗe da lura cewa hirarsu ba ta faɗa ba ce. Hirar kaya ce. Wannan ya tuna bawul ɗin da suka kwana suna yi don jirgi ya tashi da asuba, wancan ya tuna zafin wurin zubi da rani, inda gumi ke cika takalmi. Sukan yi gardama sosai a kan wane ne ya fi iya naɗin moto a zamaninsu. Abin alfaharinsu guda ne, cewa da wuya takardar neman gyara ta shigo jirginsu su mayar da ita da amsar ba zai yiwu ba.

Bari in faɗi yadda wannan tarbiyya take a aikace. Wani mai jirgin jan kaya ya kawo mana farfelar cikin famfo, ta tagulla, fukafukanta biyu sun karye, sauran ruwan gishiri ya cinye su. Kamfanin da ya yi famfon ya daɗe da rufewa. Cif ya juya ta a hannu, ya shafa wurin da ya ragu bai lalace ba, ya ce min, "Maigida, a ba ni katako." Sai da ya sassaƙa siffarta da katako tukuna, kuma ya yi ta ta ɗan ɗara ta asali girma, domin tagulla tana tsukewa idan ta huce, kusan kashi 3 cikin 16 na inci a kowace ƙafa. Wanda bai san wannan ba, kayansa kullum sai ya fito a gajarce. Sannan ya kwantar da siffar a akwati, ya rairaye yashi mai laushi a kanta, ya daddanna shi daidai, ba da ƙarfi ainun ba don iska ta sami mafita, ba kuma sako-sako ba don kada ya rufta. Ya buɗe hanyar da ruwan tagulla zai bi, ya tsattsaga ƴan ƙofofi da siririyar waya. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zuba tukunyar alminiyam a Kano ko Maraɗi ya ga asalin aikin, bambancin kawai ma'auni ne. Da ya zuba, sai ya hana kowa taɓa akwatin sai washegari.

Daga nan aiki ya koma hannun uwar ɗakinmu, wato baiwar Allahn nan da ta yi aiki a Vulcan, a injin sassaƙa. Ita labarinta daban ne. Har zuwa 1978 doka ba ta yarda a tura mata aiki a jiragen sojan ruwan Amurka ba, ban da na asibiti da na sufuri. A shekarar wani alƙali, John Sirica, ya yanke hukuncin cewa hanin ya saɓa wa tsarin mulki, kuma Vulcan na cikin jiragen farko da suka karɓi mata. Ita ta shiga bayan ƴan shekaru. Ta ce a farkon zuwanta duk abin da ta sassaƙa sai wani ya sake aunawa a bayan idonta, har ranar da suka gaji da aunawa. Yanzu kam a kamfanina ita ce ke auna na kowa. Tana cire ƙarfe kashi ɗaya cikin dubu na inci, ta tsaya, ta auna, ta ƙara. Farfelar ta shiga mazauninta ba tare da an buga mata guduma ba, kuma mai jirgin ya koma aiki cikin makon.

A irin wannan aiki riba ba ta da yawa, gaskiya. Sa'o'in da katako da yashi ke ci ba kowane mai kaya ne ke yarda ya biya su ba, ga inshora, ga kuɗin wuta. Amma wanda ka fitar daga irin wannan ƙangi ba ya sake kai aikinsa wani wuri, har waldar da kowa zai iya yi mu yake kawo wa. Da wannan kamfanin ke tsaye.

Abin da ke damuna shi ne makarantar da ta yaye waɗannan mutane ta rufe. An sallami Vulcan daga aiki a 1991, aka ajiye shi shekaru a Kogin James, daga baya aka yanka shi aka sayar da ƙarfen. Ɗan'uwansa Jason, na ƙarshe a cikin irinsu, ya bi sahu a 1995, kuma a cikin shekarun nan ne rundunar ta soke sana'ar masu zubi da ta masu sassaƙa siffa daga jerin ayyukanta. Yau abin da aka fi koya wa matasa shi ne a cire tsohon kaya a yi odar sabo. Hakan yana da sauri matuƙar sabon yana nan kuma akwai hanyar kawo shi. Jiragen da muke gyarawa kuwa da yawansu sun girmi masu tuƙa su, babu wanda ke ajiye musu kaya a kanti.

Shi ya sa na ware rabin ranar Asabar don yaran da ke koyon aiki a wurina, kuma ina biyansu kuɗin wannan lokaci kamar kowace rana. Cif na koya musu yashi da katako, ita kuma tana koya musu ma'auni. Wasu da sun fara iyawa sai manyan kamfanoni su ɗauke su da albashin da ba zan iya biya ba, kuma ba na riƙe su a zuci, kowa da iyalinsa. Akwai dai wani yaro da ya zauna. Zubinsa na farko ya fito da ƴan ramuka saboda yashin ya cika danshi, Cif ya sa shi ya fasa da hannunsa ya duba cikin kafin ya sake. Yanzu shi ke haɗa akwatunan ƙananan ayyuka, kuma siffar bawul ɗin da za mu zuba a mako mai zuwa shi na ba wa ya sassaƙa.